Muhawara: Idan ka ɗauki Deloitte, PwC, EY ko KPMG, wa ke ɗaukar alhakin abin da aka sa wa hannu?

Hajiya Mai Shinkafa, Idu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon masana harkar lissafin kuɗi da ke wannan zaure su fahimtar da ni wani al'amari. Wasu masu zuba jari daga Turai sun nuna sha'awar sayen kaso a kamfaninmu na casar shinkafa, amma sharaɗin farko da suka gindaya shi ne a kawo musu rahoton kuɗi wanda ɗaya daga cikin manyan kamfanonin odita huɗu ya bincika, wato Deloitte, PwC, EY ko KPMG. Muna da oditanmu na gida, mai lasisi, wanda bai taɓa ba mu kunya ba, kuma kuɗin da manyan suke nema ya ninka nasa nesa ba kusa ba. Abin da nake so in sani shi ne, idan na biya wannan kuɗi, shin babban ofishinsu na ƙasar waje ne ya tsaya mini, ko kuwa suna kawai na saya?

Tsohon Odita, Garki:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki ta taɓa abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu shugabannin hukumomi da ke sa hannu a kan kwangila da waɗannan kamfanoni. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da yake kamfani guda mai rassa, irin yadda banki yake da hedikwata da rassa. Kowannensu gamayya ce ta kamfanoni masu cin gashin kansu, waɗanda suka yarda su yi aiki da suna ɗaya da tsari ɗaya. Deloitte Touche Tohmatsu Limited, alal misali, kamfani ne da aka yi wa rajista a Ingila, amma shi kansa ba ya bincika littafin kowa kuma ba ya karɓar aiki daga kowa. Aikinsa shi ne riƙe sunan, tsara hanyar aiki, da sa ido a kan mambobi. Haka abin yake a wajen sauran ukun. Kamfanin da ke Legas, mai ofis a nan Abuja, mallakar abokan tarayya ne da ke aiki a Najeriya, su ke raba riba, su ke ɗaukar asara, kuma suna biyan gudummawa ga gamayyar domin amfani da suna da manhajoji da horo.

Abin ya yi kama da babban gida irin namu na da, inda zaure ɗaya ne kuma sunan kaka ɗaya ne, amma kowane magidanci da tukunyarsa, kuma bashin wani ba ya hawa kan wani. Idan kika duba ƙasan takardunsu za ki ga sun rubuta da ƙananan haruffa cewa kowane mamba kamfani ne dabam a idon doka. Shekarar 2022 ta nuna ma'anar wannan a fili, domin bayan Rasha ta mamaye Yukren dukkan huɗun sun yanke alaƙa da mambobinsu na Rasha, kamfanonin kuma ba su rushe ba, sai suka sauya suna suka ci gaba da aiki da ma'aikatansu.

Barista, Wuse:

Ina goyon bayan abin da Baba ya faɗa, kuma zan ƙara da ɓangaren shari'a. Hajiya, idan aiki ya ɓaci, wanda za ki kai ƙara shi ne kamfanin Najeriya da kika ƙulla yarjejeniya da shi, a gaban kotun Najeriya, kuma kusan kullum takardar yarjejeniyar takan hana ki bin sauran mambobin gamayyar. Tun da aka kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, da dokar 2011, wanda ya jagoranci binciken yana rubuta sunansa da lambar rajistarsa a jikin rahoton. Saboda haka akwai mutum ɗaya, mai suna da lasisi, wanda alhakin ke wuyansa, ko a babban kamfani yake ko a ƙarami.

Akwai kuma wata shari'a ta Ingila da ya kamata masu zuba jarin naki su sani, kuma na tabbata lauyoyinsu sun san ta. A shari'ar Caparo da Dickman ta 1990, kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta yanke cewa odita yana rubuta rahotonsa na shekara ne domin masu hannun jari a matsayinsu na jama'a ɗaya, ba domin wani baƙo da ya dogara da rahoton ya sayi kamfanin ba. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotunanmu, amma alƙalanmu suna ba shi nauyi. Ma'ana, su kansu masu zuba jarin ba lamuni suke samu ba idan sun ga babban suna a kan takarda, natsuwa kawai suke saya.

Malamin Akanta, Gwagwalada:

Da izinin Baba da Barista, ina ganin kada mu bar Hajiya da tunanin cewa sunan fanko ne. Gaskiya ne ofishin Landan ba zai biya ta diyya ba, amma sunan shi ne jinginar da kowane mamba ya ajiye, kuma tarihi ya nuna cewa ana iya rasa ta. Kafin 2002 manyan biyar ne, na biyar ɗin shi ne Arthur Andersen. Kamfanin makamashi na Enron, wanda ofishin Andersen na Houston yake bincika wa littattafai, ya durƙushe a watan Disamba na 2001, aka gano cewa ma'aikatan Andersen sun yayyaga takardu, kotu ta sami Andersen da laifin yi wa shari'a zagon ƙasa a 2002. Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan hukunci a 2005, amma a lokacin babu sauran abin da za a ceto, domin abokan ciniki sun gudu, kuma mambobin ƙasashe daban-daban sun watse sun shiga wasu gamayyoyi. A nan Najeriya mutanen Andersen ne suka koma ƙarƙashin sunan KPMG a 2002.

Darasin da sauran huɗun suka ɗauka shi ne laifin ofis guda yana iya cinye sunan duniya baki ɗaya. Shi ya sa suke turo masu duba ingancin aiki daga wasu ƙasashe su zaɓi fayiloli su bincika, shi ya sa kuma ake tilasta wa wani abokin tarayya na biyu ya sake duba manyan ayyuka kafin a sa hannu. Ƙaramin kamfani mai mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, ba shi da wanda zai duba bayansa, kuma idan abokin ciniki guda ne ke kawo masa rabin kuɗin shigarsa, yana da wuya ya kalle shi ya ce masa wannan lissafi bai yi ba.

Matashin Akanta, Kubwa:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da tarihin, amma ban yarda cewa tsoron ya ci gaba da aiki kamar da ba. Ni a Kwalejin Akanta ta ƙungiyar akantoci ta ANAN da ke Kwall, kusa da Jos, na yi karatu, kuma abin da muka tashi muna gani ya bambanta da zamanin Andersen. A Jamus EY ya shafe shekaru yana sa hannu a kan littattafan Wirecard, wani kamfanin hada-hadar biyan kuɗi, har zuwa watan Yuni na 2020 da aka gano cewa Yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna ajiye a bankunan Filifin babu su sam. A Birtaniya kamfanin gine-gine na Carillion ya rushe a 2018, kuma a 2023 hukumar ƙasar ta ci KPMG tarar fam miliyan 21 saboda yadda ya gudanar da binciken. A Afirka ta Kudu shugabannin KPMG sun ajiye muƙamansu a 2017 saboda ayyukan da suka yi wa kamfanonin iyalan Gupta. A Sin an dakatar da PwC na wata shida a 2024, tare da tarar yuwan miliyan 441, saboda binciken littattafan kamfanin gina gidaje na Evergrande. Ko a gida muna da misali, domin a 2006 aka gano cewa Cadbury Nigeria ya yi shekaru yana kumbura alƙalumansa, kuma hukumar kula da kasuwar hannun jari ta hukunta daraktoci ta kuma ci oditansa, Akintola Williams Deloitte, tara.

Duk da haka babu ɗaya da ya faɗi. A shekarar kuɗi ta 2024 Deloitte ya sanar da kuɗin shiga na dala biliyan 67.2, KPMG kuwa, wanda shi ne ƙaraminsu, dala biliyan 38.4. Hukumomi sun san cewa idan huɗu suka koma uku, manyan bankuna da kamfanonin mai ba za su sami zaɓi ba, saboda haka suna hukunci da taka-tsantsan. Wanda ya san ba za a bar shi ya faɗi ba, ina tsoron da zai tsare shi?

Tsohon Odita, Garki:

Ɗana, misalanka daidai ne, kuma na ji daɗin cewa ka san su da shekarunsu. Sai dai ina so mu raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Na farko shi ne iyakar aikin odita. Odita ba ya buɗe kowace rasit, samfuri yake ɗauka, kuma abin da yake faɗa a ƙarshe shi ne rahoton yana nuna hoton gaskiya gwargwadon hali, ba tare da kuskure mai girma ba. Shugabannin kamfani su ne masu alhakin shirya lissafin. Idan suka haɗa baki suka ƙirƙiro takardu, suna iya wuce odita mai gaskiya na ɗan lokaci. Amma ba na kare abin da ya faru a Wirecard, domin tabbatar da kuɗin banki kai tsaye daga bakin bankin shi ne darasin farko da muke koya wa yaro a makonsa na farko a ofis.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne cewa waɗannan gamayyoyi yanzu sun fi samun kuɗi daga ba da shawara da aikin haraji fiye da binciken littattafai. Mai bincike aikinsa shi ne shakka, mai ba da shawara kuwa aikinsa shi ne faranta wa mai biya, kuma zaman biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya ba ya rasa matsala. Bayan Enron, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta hana odita a Amurka sayar wa kamfanin da yake bincikawa wasu nau'o'in shawara. EY ya yi yunƙurin raba kansa gida biyu, amma shirin ya wargaje a watan Afrilu na 2023 saboda mambansa na Amurka bai amince ba, wanda wannan ma wata shaida ce cewa babu shugaba guda da zai ba da umarni kowa ya bi. A Ostireliya kuma, a 2023 ɗin dai, asiri ya tonu cewa wani babban jami'in PwC ya ɗauki bayanan sirri da gwamnati ta ba shi a matsayin mai ba ta shawara kan dokar haraji, ya raba wa abokan aikinsa don neman kwastomomi. Ƙarshenta kamfanin ya sayar da sashensa na yi wa gwamnati aiki a kan dalar Ostireliya ɗaya.

Ma'aikaciya, Sakatariyar Tarayya:

Baba, wannan batu na biyu shi ne abin da muke gani kullum a nan Abuja. Mutane da yawa ba su san cewa sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulki bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon bincika littattafan hukumomi da kamfanonin gwamnati da kansa ba. Abin da sashen ya tanada shi ne ya ba su jerin ƙwararrun oditoci su zaɓa, ya ba da jagora kan kuɗin da za a biya, sannan ya yi tsokaci a kan rahoton da aka kawo. Wato hukumar da za a bincika ita ce ke zaɓen mai bincikenta kuma ita ce ke biyansa.

Sannan mu tuna abin da ya faru bayan Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya ce akwai dala biliyan 20 na cinikin mai da ba su shiga asusun tarayya ba. An ɗauko PwC a 2014, aka fitar da rahoton ga jama'a a watan Afrilu na 2015, kuma ya ba da shawarar a mayar da aƙalla dala biliyan 1.48. Wani ɓangare ya ce an wanke kamfanin mai na ƙasa, NNPC, wani ya ce an kama shi, alhali kuwa a shafukan farko masu rahoton sun bayyana cewa aikin da suka yi ba cikakken bincike ba ne irin na odita, kuma akwai bayanan da ba su samu kai tsaye ba. Jama'a sun karanta sunan da ke bangon rahoton, kaɗan ne suka karanta sharuɗɗan da ke ciki. Wannan yana ci mini rai, domin kuɗin talakawa ne ake biyan irin waɗannan ayyuka da shi, sannan a ɗaga bango a nuna musu a ce magana ta ƙare.

Hajiya Mai Shinkafa, Idu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa babu wanda zai tsaya mini daga waje, amma kuma masu kuɗin suna da dalilinsu. To a aikace, Baba, me zan yi? Suna son rahoton shekarun baya, ba na bana kaɗai ba.

Tsohon Odita, Garki:

Hajiya, a nan ne ya kamata ki yi hattara kafin ki fitar da ko sisi. Dukiyar kamfanin casar shinkafa mafi yawanta tana cikin sito, shanshera da casasshiya da buhuna. Odita yana tabbatar da kayan sito ne ta hanyar halartar ƙidaya a ƙarshen shekara, ya ga buhunan da idonsa, ya auna wasu, ya duba danshi da lalacewa. Sabon odita ba shi da hanyar komawa baya ya ƙirga buhunan da aka sayar tun shekara biyu da suka wuce. Idan takardun shiga da fita na sito da na sikeli ba su cika ba, zai rubuta ra'ayi mai togaciya, ya ce bai iya tabbatar da kayan ba, kuma sai ki ga kin biya kuɗi mai yawa kin karɓi takardar da ta fi ta oditanki na gida rauni a idon masu zuba jari. Ga kuma sayen shanshera daga manoma da dillalai da tsabar kuɗi, wanda galibi babu rasit mai ƙarfi a kansa.

Shawarata ita ce ki koma wa masu kuɗin da tambayoyi. Ki tambaye su ko za su karɓi rahoton ɗaya daga cikin gamayyoyi na tsakiya, irin su BDO ko Grant Thornton, waɗanda su ma tsarinsu na duniya ne kuma suna aiki a Najeriya. Ki tambaye su ko za su yarda a bar shekarun baya yadda oditanki ya bincika, babban kamfani ya fara daga bana, ya halarci ƙidayar sito. A mafi yawan irin wannan ciniki, masu saye sukan turo nasu akantocin su yi binciken ƙwaƙwaf kafin su biya, saboda haka babu dalilin biyan aiki ɗaya sau biyu. Idan kuma dole sai ɗaya daga cikin huɗun, ki nemi ganin mutumin da zai sa hannu, ki tambaye shi ko ya taɓa bincika kamfanin sarrafa amfanin gona, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa manajan aikin zai zo masana'anta da ƙafarsa, ba yara masu neman sanin makama kaɗai za a turo ba. Kada kuma ki manta da wasiƙar da sukan rubuta wa shugabannin kamfani a kan ɓarakar da suka gani a tsarin aiki, domin sau da yawa ta fi rahoton kansa amfani ga mai kamfani.

Malamin Akanta, Gwagwalada:

Ina so in ɗaga wani gefe da bai kamata mu wuce shi ba. Me ya sa baƙo ba ya karɓar sa hannun oditanmu na gida? Ba don ba mu da ƙwararru ba ne. Marigayi Akintola Williams ya zama cikakken akanta a Ingila a 1949, ya buɗe kamfaninsa a Legas a 1952, ya zama shugaban farko na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ICAN, da aka kafa ta a 1965, kuma ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Abin da ya bambanta shi shi ne ya jawo wasu ya mayar da su abokan tarayya, ya gina kamfanin da ya ci gaba da aiki bayan ya yi ritaya, har ya kai girman da gamayyar duniya ta ga ya cancanci ɗaukar sunanta. Su kansu manyan huɗun haɗaka ce ta haife su: KPMG a 1987, EY wato Ernst & Young a 1989, PwC kuma a 1998 da Price Waterhouse ya haɗe da Coopers & Lybrand. Mu kuwa a Arewa, kowane akanta da ya sami lasisi burinsa ya kafa allo da sunansa shi kaɗai, idan ya rasu ofis ya rufe, fayiloli su watse. Da ofisoshi biyar ko shida na Abuja da Kano da Kaduna da Jos za su haɗe, su riƙa duba aikin juna, da sun sami nauyin da za su fuskanci banki ko mai zuba jari.

Matashin Akanta, Kubwa:

Malam, haɗaka tana da kyau, amma ƙofar ma a rufe take. Idan tallar neman odita ta ce sai wanda ya taɓa bincika kamfani mai girman kaza, ta yaya ƙarami zai taɓa samun na farko? Ƙa'idar Babban Banki ta ce banki ya sauya oditansa bayan shekara goma, amma abin da ake gani shi ne manyan bankuna suna tashi daga ɗaya cikin huɗun su koma wani cikinsu.

Barista, Wuse:

Ƙanena, akwai hanyar da aka gwada a wani wuri kuma ta yi aiki. Dokar Faransa ta daɗe tana wajabta wa kamfanonin da ke fitar da haɗaɗɗen rahoto na rukuni su naɗa oditoci biyu, su raba aikin, su duba na juna, su sa hannu tare. Wannan tsari yana cikin abin da ya ba kamfanin odita na Mazars damar girma har ya riƙa bincika manyan kamfanonin ƙasar kafaɗa da kafaɗa da huɗun. Babu abin da ya hana Babban Mai Binciken Kuɗi, sa'ad da yake ba hukumomi jagora a ƙarƙashin sashe na 85, ya ƙarfafa cewa manyan hukumomi su haɗa babban kamfani da na gida a aiki ɗaya, kuma a fayyace kason aikin da na gidan zai yi, don kada a ajiye shi gefe sai ranar sa hannu. Masu adawa da tsarin suna cewa yana ƙara kuɗi kuma yana iya sa kowane ɓangare ya jingina laifi ga ɗayan, kuma wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara. Idan 'yan wannan zaure da ke cikin ICAN da ANAN sun amince, zan tsara daftarin takarda a kan batun, Baba da Malam su duba ɓangaren aikin bincike, sannan a gabatar da ita a taron rassan ƙungiyoyin biyu na Abuja.